Sharaɗi Kafin Inji: Mas'alar Motoci Marasa Direba a Farfajiyar Kaya

Shekaru sun yi nisa ana yi wa duniya bushara da motar da za ta tuƙa kanta a kan titi, ta ɗauki mutum daga ƙofar gidansa ta kai shi inda ya nufa ba tare da hannun ɗan Adam ya taɓa sitiyari ba. Kuma ko da yake an fara ganin irinta tana ɗaukar fasinja a wasu 'yan birane na Amurka da Sin, wurin da wannan al'amari ya daɗe da kafuwa, har ya zama sana'ar yau da kullum wadda ake lissafa ribarta da hasararta a ƙarshen kowane wata, shi ne bayan katanga, watau farfajiyar tashoshin jiragen ruwa da harabar manyan rumbunan ajiye kaya, inda idon mai wucewa ba ya kaiwa. A can ake yanke hukuncin da zai shafi abincin dubban gidaje, kuma galibi ana yanke shi ne tsakanin mai tasha da mai sayar da inji, alhali wanda hukuncin zai hau kansa yana waje yana jan kaya.

Ya kamata mai karatu ya san aikin kansa kafin mu shiga jayayya a kansa. A babbar ma'ajiya irin ta Amurka, direban doguwar tafiya yakan iso da tirela, ya cire kan motarsa ya bar bodin a fili, ya ɗauki wani ya kama hanya. Daga nan sai aiki ya koma hannun wata gajeruwar mota mai kujera ɗaya, wadda ba ta da wata hidima a duniya sai jan bodi daga inda aka ajiye shi zuwa ƙofar lodi, da fitar da wanda aka gama saukewa. Direbanta yakan yi ribas har farantin bayanta ya shige ƙarƙashin bodin, ƙusar ƙarfe ta faɗa makullinta da ƙara. Sa'an nan ya ɗaga farantin don ƙafafun bodin su rabu da ƙasa. Sa'an nan ya miƙe daga kujera, ya fita ta ƙofar baya, ya jawo jan tiyon iska ya ɗaura a bakinsa, domin birkin tirela a ɗaure yake har sai iska ta shiga ta sake shi. Ya ja, ya yi kwana, ya cusa bodin da baya tsakanin wasu biyu waɗanda 'yan taƙi kaɗan suka raba su, ya cire tiyo, ya nufi na gaba. Haka zai yi ta yi daga hantsi zuwa magariba, ko daga lisha zuwa asuba, cikin ƙanƙara ko cikin ƙunar rani, da wuya gudunsa ya wuce kilomita 25 a sa'a, kuma ba zai taɓa fita ƙofar gidan ba.

Wannan siffa ta aikin ita ce ta jawo hankalin masu ƙera injuna tun da wuri. Fili ne na mai shi, dokarsa ce ke gudana a ciki. Babu yaro mai tsallaka titi, babu ɗan acaɓa mai kutsowa ta hagu. Hanyoyin sanannu ne, kuma gudun kaɗan ne. Tun a shekarar 1993 tashar Delta ta kamfanin ECT da ke Rotterdam, a ƙasar Holan, ta fara aiki da motoci marasa direba masu ɗaukar kwantena daga bakin jirgi zuwa wurin tarawa. Tashar Altenwerder ta Hamburg, a Jamus, ta bi sahu a 2002, inda aka binne dubban 'yan na'urori a cikin daɓen fili, motar tana wucewa ta kansu tana gane inda take. A watan Disamba na 2017 Sinawa suka buɗe sashe na huɗu na tashar Yangshan, kusa da Shanghai, wanda ya fi waɗancan girma nesa. Amma duk waɗannan na farko sai da aka killace musu fili, aka hana mutum shiga. Sabon abin da ya zo a 'yan shekarun nan shi ne motar da ke da kyamarori da rada da hasken lesa, wadda ake so ta yi aiki a tsohuwar farfajiya, kafaɗa da kafaɗa da motocin da mutane ke tuƙawa. Kamfanin Westwell na Sin ya gwada haka a tashar Laem Chabang ta Tailan tun daga 2020, kuma a 2023 masu tashar Felixstowe ta Ingila suka ƙulla cinikin guda 100 da shi. A Amurka kuwa kamfanin Outrider na jihar Kolorado, wanda ya bayyana kansa ga jama'a a 2020, ya fuskanci harabar rumbunan kaya, har ya ƙera hannun ƙarfe a bayan mota wanda ke neman bakin tiyon nan na iska ya ɗaura da kansa, domin ya gane cewa tuƙi ba shi ne mafi wuyar aikin ba, wannan fita da direba ke yi ta ƙofar baya ita ce ta fi gagarar inji.

To, abin da nake so in jawo hankali a kai shi ne, masu tallar wannan haja sun saba haɗa abubuwa biyu cikin aƙadi guda, su ce mota mai lantarki mai tuƙa kanta, kamar dai siffa ɗaya ce wadda ba ta rabuwa, domin duk wanda ya yi ƙorafi a kan ta biyun a ce masa yana gaba da ta farkon. Tarihin abin kansa ya ƙaryata wannan haɗi. Motocin Rotterdam na 1993 ba su da direba, amma man gas suke sha. Kamfanin Orange EV na yankin Kansas City kuwa tun wajen 2015 yake sayar da motocin farfajiya masu batir waɗanda mutum ke zaune a ciki yana tuƙawa. Ke nan kowanne daga cikin biyun yana tsayuwa da ƙafarsa, kuma wajibi ne a auna kowanne a ma'auninsa.

Game da lantarki ban ga wurin dogon bayani ba, domin maslaharsa a fili take. Motar farfajiya takan shafe lokaci mai tsawo na yininta tana tsaye inji na ruri, tana ƙona mai ba tare da ta motsa ba. Mai batir kuwa in ta tsaya ta tsaya ke nan, kuma tun da ba ta yin nisa da gida, wurin cajinta yana kusa da ita koyaushe. Hayaƙin man gas, wanda cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2012 cewa yana haddasa ciwon dajin huhu, direba ne farkon mai shaƙarsa, sai mai lodi da ke bakin ƙofa, sai talakawan unguwannin da ke maƙwabtaka da tasha, irin su Wilmington da ke jikin tashar Los Angeles, inda aka daɗe ana kuka da yawan ciwon asma a tsakanin yara. Duk wanda ya kawar da wannan cuta ya yi aikin lada, ko da neman riba ya kai shi.

Cire direba kuwa mas'ala ce ta daban, kuma adalci ya sa in kawo hujjar masu ita da ƙarfinta. Suna cewa farfajiya wuri ne mai hatsari, inda mutum mai tafiya a ƙasa yake gilmawa tsakanin ƙarafa masu nauyin tan da yawa, kuma an sha matse ma'aikaci tsakanin bodi da bango. Suna cewa aikin yana cin baya da gwiwa, ga hawa da sauka ba iyaka, shi ya sa a ƙasashen da suka wadata ba a cika samun wanda zai daɗe a kansa ba. Suna cewa inji ba ya gyangyaɗi da ƙarfe uku na dare. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba na cikin masu ganin cewa wahala wata daraja ce da ya kamata a adana wa talaka. In da za a ɗauke wa ɗan Adam fita cikin ƙanƙara don ɗaura tiyo, a bar masa albashinsa da mutuncinsa, da babu mai hankalin da zai yi musu.

Sai dai alƙawarin da ake yi wa masu tasha, cewa inji zai fi mutum sauri, bai cika tabbata ba. A wani nazari da kamfanin ba da shawara na McKinsey ya fitar a 2018, wanda kuwa ba a san shi da kishin 'yan ƙwadago ba, an nuna cewa tashoshin da suka koma ga injuna kuɗin gudanarwarsu ya ragu da kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari, amma yawan aikin da suke fitarwa shi ma ya ragu da kashi 7 zuwa 15. Tashar Auckland ta Niyu Zilan ta shafe shekaru shida tana fama da motocin ɗaukar kwantena masu sarrafa kansu, daga bisani a watan Yuni na 2022 ta haƙura ta yi watsi da shirin, ta ɗauki hasarar kimanin dala miliyan 65 ta kuɗin ƙasar. A watan Yunin 2017 kuma, lokacin da wata muguwar manhaja da aka saki a Yukiren ta bazu ta shiga kwamfutocin kamfanin Maersk, tasharsa mafi zamani da ke Maasvlakte a Rotterdam ta tsaya cik har tsawon kwanaki, domin wurin da aka gina shi don inji kaɗai ba shi da hanyar komawa ga takarda da alƙalami, kuma kamfanin ya ƙiyasta hasararsa a kan dala miliyan 250 zuwa 300. Dalilin duka ɗaya ne. Gogaggen direba yana warware ƙananan matsaloli ɗari a yini ba tare da kowa ya sani ba: bodin da aka ajiye a karkace, lambar da laka ta rufe, ƙofar da ta ƙi buɗewa, baƙon direban da ya tsaya inda bai kamata ba. Inji kuwa da ya gamu da abin da ba a rubuta masa ba sai ya tsaya yana jiran taimako, layi ya taru a bayansa.

Idan kuwa haka ne, watau sauri bai ƙaru ba amma kuɗin gudanarwa ya ragu, to, ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane daga ina ribar take fitowa. Daga ujurar ma'aikaci take fitowa. Ba ina nufin wannan kaɗai ya haramta abin ba, domin babu wani ci gaban sana'a da bai taɓa ɗauke aiki daga hannun wani ba. Ina nufin dai a kira shi da sunansa, a bar lulluɓe shi da mayafin tsabtar iska, sa'an nan a zauna a yi maganar rabo.

Kuma an taɓa yin irin wannan zama, a kan wannan sana'a ita kanta. Ran 26 ga Afrilu, 1956, wani mai motocin dakon kaya, Malcom McLean, ya ɗora kwantena 58 a kan jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston, aka kuma ƙiyasta cewa lodin da ake biyan kusan dala 6 a kan kowane tan ya koma senti 16. Harry Bridges, shugaban ƙungiyar 'yan dakon tashoshin yammacin Amurka, mutum mai zafin ra'ayi wanda gwamnatin ƙasar ta yi shekaru tana neman korarsa, ya dubi akwatin nan ya fahimci cewa ba za a iya tare shi ba. Saboda haka a 1960 ya ƙulla yarjejeniya da masu jirage: su shigo da injunansu, a sassauta tsofaffin ƙa'idojin aiki, su kuma su riƙa zuba dala miliyan 5 kowace shekara a wani asusu da za a lamunce wa ma'aikata albashi da shi, a kuma sallami dattawa da fansho tun kafin lokacinsu. Yarjejeniyar tana da aibi babba, kuma an faɗe shi tun a zamanin: ta kare waɗanda sunansu ke cikin rajista, ta bar 'yan aikin wucin gadi da samarin da ba su riga sun shigo ba, har ɓacin ran da ya taru ya fashe da dogon yajin aiki a 1971. Amma duk da haka ta kafa asali guda, cewa wanda guminsa ya gina tasha yana da haƙƙi a cikin ribar injin da ya gaje shi. A kan wannan asali ne 'yan dakon gabashin Amurka, su wajen 45,000, suka rufe tashoshi na kwana uku a farkon Oktoban 2024. Suka sami ƙarin albashi na kimanin kashi 62 cikin ɗari a tsawon shekaru shida, amma maganar injuna ita ce ta ƙi warwaruwa har sai watan Janairu na 2025, lokacin da aka daidaita cewa za a iya shigo da wasu na'urori bisa sharaɗin a samar da ayyuka tare da su. Mai karatu ya lura, sun fi saurin sasantawa a kan kuɗi fiye da a kan inji.

Waɗannan masu ƙungiya ke nan, waɗanda in sun naɗe hannu ayaba ta ruɓe a cikin jirgi, shugaban ƙasa ya ji a jikinsa. Direban harabar rumbun kaya da ke can cikin ƙasa ba shi da wannan gata. Sau da yawa ma ba ma'aikacin mai rumbun ba ne, ɗan kwangila ne ya kawo shi, kuma ranar da kwangila ta ƙare babu wanda ya kore shi a takarda, an dai daina kiransa ne. Ana ce masa zai koma ɗaki mai sanyi ya riƙa lura da motoci ta allo, kamar yadda kamfanin Fernride na Jamus ya gwada a wata tasha kusa da Tallinn a Estoniya, inda ma'aikaci ke karɓar tuƙi daga nesa in mota ta rikice. Aiki ne mai kyau ga wanda ya same shi. Amma ai hikimar shirin duka ita ce mutum ɗaya ya lura da motoci da yawa, in ba haka ba ina ribar? Saura kuma a tambaya ina za su.

Akwai kuma mas'alar lamuni, wadda a ganina ta fi kowacce buƙatar a rubuta ta tun kafin jini ya zuba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci Risala ya san hukuncin dabba idan ta taka mutum ko dukiya: lamunin yana kan wanda ke bisa kanta, ko wanda ke janta, ko wanda ke kora ta, sai kuma fuƙaha'u suka ware halin da ta yi ɓarna don kanta, ba da sababin kowa ba, suka ce a nan babu biya. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin ma'abotansa ne, amma ƙiyasin yana haskaka inda haɗarin yake. Motar da ba direba tana da mai ƙera jikinta, da mai rubuta manhajarta, da mai filin da ya saye ta, da ma'aikacin da ke kallon allo. Kuma abin tsoro shi ne kowanne daga cikin manyan nan uku ya so a ɗauki motar a matsayin dabbar da ta yi harbi don kanta, alhali kuwa inji ba shi da ɗabi'a tasa, kowane takunsa wani ne ya tsara shi, wani kuma ya yarda a sake shi cikin mutane. In an rasa wanda za a kama, sai a kama mafi rauni. An ga haka a Tempe ta jihar Arizona, inda motar gwaji ta kamfanin Uber ta kashe wata mata mai tsallaka titi a watan Maris na 2018: masu gabatar da ƙara suka ce kamfanin ba shi da laifin da za a tuhume shi a kai, ma'aikaciyar da aka zaunar a gaba don ta lura ita ce ta gurfana gaban alƙali.

Wani zai ce, me ya haɗa mu da wannan, mu da direbanmu ke kwana makonni a layin Apapa yana alwala da ruwan leda a gindin taya? Gaskiya ne ba gobe motar za ta iso ba. Inji mai sarrafa kansa yana buƙatar daɓe mai kyau, da wutar da ba ta ɗaukewa, da rajistar da ta san inda kowace kwantena take da sa'ar da za a zo ɗaukarta. Mu kuwa tsarin kiran motoci ta intanet, wanda ake kira Eto, da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fara a watan Fabrairu na 2021, bai rabu da koke-koken direbobi ba har yau, kuma ladan lebura a nan bai kai tsadar da za ta sa mai jari ya yi sha'awar maye gurbinsa ba. Wanda ya zo yana tallar motar da ba direba ga tashar da ba ta gama daidaita ƙofar shigarta ba, a yi masa godiya a sallame shi. Amma kamfanonin da ke riƙe da manyan tashoshinmu su ne dai waɗanda ke riƙe da na Turai da Asiya, APM Terminals na Apapa ɗan gidan Maersk ne mai tashar Maasvlakte, kuma abin da suka ga ya biya a can ba za su manta da shi ba ran da lissafi ya juya a nan. Mun kuwa riga mun ɗanɗana yadda ake irin wannan canji a ƙasarmu: lokacin da aka miƙa tashoshi ga 'yan kasuwa a 2006, dubban ma'aikata aka sallama, aka kuma daɗe ana shari'ar haƙƙoƙinsu.

Yanzu ga tashoshin kan tudu suna tashi a Arewa, ta Kaduna tun 2018, ta Dala da ke Zawaciki a Kano a 2023, ta Funtuwa a bayanta, kuma su ne za su zama farfajiyoyin kayanmu na shekaru masu zuwa. Shawarata ga hukumar da ke kula da su da gwamnatocin jihohi ita ce, su buɗe ƙofa ga motar farfajiya mai batir tun yanzu, tun da rana ba ta yanke mana ba, rufin rumbunan kuma yana da faɗin da zai ɗauki farantan sola, tsadar man gas kuwa ta zama abin da kowa ya sani. Amma su bar direba a kujerarsa, su kuma fara da abin da ya fi inji arha, watau rubuta sunan kowane direba da ɗan dako da yaron mota da ke cin abinci a cikin katangar, domin yarjejeniya irin ta Bridges ba ta yiwuwa sai da rajista, kuma mun ga abin da ya sami waɗanda ba sa cikinta. Sa'an nan a sa a cikin takardar haya cewa duk ranar da mai tasha ya so cire direba, sai ya ba da sanarwa da isasshen wa'adi, ya biya kuɗin koyar da sabuwar sana'a da kuɗin sallama daga ribar da zai samu, ya kuma ɗauki lamunin duk abin da motarsa ta taka a kansa shi kaɗai, in ya so daga baya ya bi mai ƙera ta. Takardun hayar da aka sa wa hannu a 2006 wasunsu wa'adinsu ya kai shekara 25, saboda haka wadda za a rubuta bana ita ce za a buɗe a gaban alƙali ran da motar farko ta iso Zawaciki.